Zauren manhaja: abin da ya kamata mutum ya fara gani bayan ya shiga

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan wani babban ɗan kasuwa a Maradi ya san cewa ƙofa daban, zaure daban. A bakin ƙofa ake sallama a san ko wane ne, amma a zaure ake sanin abin da ya kawo mutum, kuma daga nan ake nuna masa inda zai nufa: wannan a shimfiɗa masa tabarma ya jira maigida, wancan a wuce da shi cikin gida domin ɗan'uwa ne, wani kuma a karɓi saƙonsa ya juya. Manhajojin da ke cikin wayoyinmu ma haka suke. Wurin da ake rubuta lambar waya da lambar sirri shi ne ƙofa, shafin da ke buɗewa da zarar an amince da mutum kuwa shi ne zaure. A kan wannan zaure nake son in tsaya, domin na lura cewa masu ƙera manhaja sukan zuba ƙarfinsu wajen tsaron ƙofa da gyaran ɗakunan ciki, sannan su mayar da zauren wurin jibge duk abin da suka rasa inda za su ajiye.

Akwai shafuka biyu da ake yawan rikitawa, kuma daga wannan rikicewar matsaloli da yawa suke tasowa. Na farko shi ne shafin da baƙo ke gani tun bai buɗe asusu ba, wanda aikinsa talla ne: ya bayyana amfanin manhajar, ya kwantar wa mutum da hankali, ya ja shi ya yi rajista. Na biyu shi ne wanda mai asusu ke gani bayan ya shiga. Wanda ya iso nan ya riga ya yarda, ya ba da lambarsa, wataƙila ma ya zuba kuɗinsa, kuma yana iya dawowa sau goma ko ashirin a yini guda. Idan aka tarbe shi da hoton mutane suna murmushi da dogon bayanin alherin kamfani, an yi masa abin da yaron shago zai yi idan ya tsaya yana koɗa kaya ga abokin cinikin da ya shekara goma yana saye a shagon, alhali mutumin ya zo ne kawai ya biya bashin jiya ya ɗauki buhu biyu na sukari ya wuce.

Tambaya ɗaya ce ginshiƙin wannan shafi: mene ne mafi yawan abin da ke sa wannan mutum ya ciro wayarsa ya buɗe manhajar? Wanda ya amsa ta da gaskiya ya gama rabin aikin. WhatsApp yana buɗewa ne a kan jerin hirarraki, wadda aka fi yi kusa tana sama, domin mai buɗe shi saƙo ya zo karantawa ko aikawa. Manhajar taswira ta Google tana nuna maka inda kake tsaye da wurin rubuta inda za ka. Facebook kuwa tun watan Satumba na 2006 ya mayar da shafinsa na farko jerin labaran abokai, kuma a yau jerin ba shi da ƙarshe. A nan ne nake jan hankalin masu ƙera manhajar aiki. Facebook da talla yake samun kuɗinsa, saboda haka ribarsa ita ce ka daɗe kana jan allo. Manhajar lissafin shago, ko ta aika kuɗi, ko ta rajistar majinyata a asibiti, ribarta ita ce mutum ya gama abin da ya kawo shi ya koma bakin aikinsa. Wanda ya kwaikwayi zauren Facebook ya kafa wa ɗan kasuwa ya ɗauko tsarin da aka gina domin wata manufa dabam da tasa.

Na taɓa zama a shagon wani mai sayar da kayan masarufi a sari a Babbar Kasuwa, wanda wani matashi ya ƙera masa manhajar rubuta ciniki da bashi. Matashin ya iya aikinsa, lissafin ba ya kuskure. Amma da Alhajin ya shiga, abin da ya tarbe shi shi ne zane-zanen ƙididdiga guda huɗu masu launi: ɗaya na cinikin wata, ɗaya na kwatanta bana da bara, ɗaya mai siffar faifai da aka yanyanka yana nuna kayan da suka fi tafiya, ɗaya kuma ban ma gane manufarsa ba. A gabansa kuwa ga wani mai ƙaramin shago daga wajen Tibiri yana tsaye yana jiran a faɗa masa nawa ake bin sa. Alhaji ya danna nan, ya koma can, ya buɗe wani jerin da ke ɓoye a kusurwar sama, daga ƙarshe ya ajiye wayar ya ce wa yaronsa, «Kai, miƙo mini littafin nan.» Cikin ƙiftawar ido ya buɗe shafin mutumin a tsohon littafinsa mai baƙin bango. Abin ya tsaya mini a rai, domin an kashe kuɗi da wahala, kuma amsar tana cikin wayar, zauren ne kawai bai nuna hanyar zuwa gare ta ba.

Irin wannan shafi mai tara ƙididdiga shi ne masu sana'ar ke kira dashbod, ko tablo a bakin waɗanda suka yi karatu da Faransanci, kuma daga allon gaban direban mota aka aro sunan. Yana da kyau a tuna abin da allon mota yake nunawa: gudu, yawan mai, zafin inji, sai ƴan fitilu da ba sa kamawa sai in akwai matsala. Ba ya nuna tarihin tafiye-tafiyen shekara. Direban da ya taso daga Maradi zuwa Zinder kallo ɗaya yake yi masa ya mayar da idonsa kan hanya. Ma'aunin da nake bi ke nan ga kowace lamba da ake son ɗorawa a shafin farko: idan mutum ya gan ta, akwai abin da zai tashi ya yi saboda ita? «Mutum bakwai ne wa'adin bashinsu ya cika yau» lamba ce mai tayar da mutum, domin zai kira su. «Shinkafa ta rage buhu goma sha biyu» ma haka, domin zai yi oda. Jimillar cinikin da aka yi tun ranar da aka buɗe shago kuwa tana da daɗin gani, amma ba ta sa kowa ya motsa, don haka wurinta yana can ɗakin ciki, inda maigida zai je ya duba a ƙarshen wata.

Ba kowace manhaja ce ma take buƙatar irin wannan allo ba. Wata abin da ya dace da ita shi ne jerin ayyukan da ke jiran mutum, kamar yadda ma'aikaciyar jinya za ta so ta ga waɗanda ke kan layi. Wata kuma, kamar ta aika kuɗi, ya isa a nuna abin da ya rage a asusu da maɓallai uku ko huɗu. Wata ma babu buƙatar zauren sam, a kai mutum kan aikin kai tsaye, kamar yadda manhajar ɗaukar hoto take buɗewa a kan kyamara ba tare da tambaya ba.

Batun yawan maɓallai ya daɗe da samun bincike. A 1952 wani masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, William Hick, ya nuna cewa lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya zaɓi abu yana ƙaruwa gwargwadon yawan abubuwan da aka shimfiɗa masa, kuma a shekarar da ta biyo Ray Hyman na Amurka ya ƙarfafa wannan sakamako. A 1954 Paul Fitts ya nuna cewa saurin kai hannu ga abu ya dogara ne ga nisansa da girmansa. Waɗannan ƙa'idoji biyu sun girmi wayar salula da shekaru masu yawa, amma su ne ke mulkin allonta. Ma'anarsu a aikace ita ce idan aka jera gumaka, wato ƙananan hotunan da ake dannawa a allo, goma sha shida masu girma ɗaya da launi ɗaya, an ɗora wa mutum aikin nema a duk lokacin da ya shiga, alhali guda biyu ko uku ne yake taɓawa kullum. Ya kamata aikin da aka fi yi ya fi sauran girma, ya sauko ƙasan allo inda babban yatsa ke kaiwa, domin ɗan kasuwa da hannu ɗaya yake riƙe da waya, ɗayan yana kan kuɗi ko kan buhu. Ƙa'idojin Google na Android sun ba da shawarar kada wurin dannawa ya gaza ma'auni 48 a tsawo da faɗi, wato kimanin milimita 9, na Apple kuwa sun ce 44 a nasu ma'aunin, kuma layin maɓallan ƙasa a tsarin Google daga uku ne zuwa biyar. Wanda ya taɓa ganin yatsan manomi ko na ɗan dako a kan ƙaramar waya zai yarda cewa waɗannan ma'aunai su ne mafi ƙanƙanta da za a lamunta.

Sai maganar sauri, wadda a wurinmu ta fi nauyi fiye da yadda masu rubuta ƙa'idojin a Turai da Amurka suke zato. Jakob Nielsen, ɗan asalin Danmak da ya yi suna a fannin sauƙaƙa amfani da manhaja, ya yaɗa iyakoki uku tun 1993: abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana jin sa nan take, har zuwa daƙiƙa ɗaya tunaninsa bai yanke ba, idan aka kai daƙiƙa goma kuwa hankalinsa ya tafi wani wuri. To, a dubi shafin da sai ya nemo abubuwa takwas daga intanet kafin ya nuna ko ɗaya, a hannun mutumin da ke kan hanyar Dakoro ko wani ƙauye na Madarunfa inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, ko da Airtel yake aiki, ko Moov, ko Zamani. Abin da zai gani shi ne farin allo da ƙawanya tana juyawa. Maganin sananne ne: manhaja ta ajiye bayanin ƙarshe da ta samu a cikin wayar, ta nuna shi da zarar an shiga, sannan ta sabunta shi a bayan fage. Sai dai akwai amana a ciki da ba a wasa da ita. Dole a rubuta a fili cewa wannan lissafin na ƙarfe tara na safe ne, ba na yanzu ba, domin tsohuwar lamba da aka nuna kamar sabuwa tana iya sa mutum ya sayar da kayan da ba shi da su ko ya yi alkawarin kuɗin da sun riga sun fita. Kuma kowane babban hoto da aka ɗora a zauren, mega ɗin mai waya yake ci, sau ashirin a rana idan sau ashirin ya shiga. Ba a banza Facebook ya fitar da ƙaramar manhajarsa ta Facebook Lite a 2015 domin ƙananan wayoyi da raunin intanet ba.

Akwai wani abu da ba za a same shi a cikin kowace ƙa'idar waje ba, sai wanda ya zauna a kasuwarmu ya san shi, wato yadda muke ƙirga kuɗi. A rubuce sefa muke gani, a baki kuwa dala da jika muke faɗa. Abin da allo ya rubuta 250, mai saye da mai sayarwa dala hamsin suke ce masa. 500 dala ɗari ce. 5000 jika biyar. Wanda ya saba yana juya lissafin a kansa ba tare da ya lura ba, amma dattijon da bai yi boko ba, ko matar da ke adashe da ƙaramar sana'a a gida, suna iya ganin lamba su fahimci wata. Ga kuma naira, wadda ba ta rabuwa da cinikin Maradi saboda kusancin iyaka da hada-hadar Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Lambar da ta fi kowace girma a shafin farko, idan ba a rubuta kusa da ita ko sefa ce ko naira ba, haɗari ce. Haka ma yadda ake raba sifirai: tsarin Faransanci tazara yake bari tsakanin dubbai, na Najeriya kuwa waƙafi yake sakawa, kuma waƙafin nan a rubutun Faransanci alamar gutsuren lamba ce. A zaɓi tsari ɗaya a tsaya a kansa, kuma ina ganin babu laifi a ƙara ƙaramin layi a ƙarƙashin babbar lambar da zai faɗe ta yadda ake faɗinta a baki.

Harshe ma haka. Tun da kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, hujjar barin manhajar ƴan kasuwa da Faransanci kaɗai ta ƙara rauni. Amma kalmomin shafin farko su zama na bakin mutane: bashi, ciniki, kaya, saura, biya. A kuma gwada rubutun a kan ƙananan wayoyi a tabbata haruffan ɓ da ɗ da ƙ da ƴ suna fitowa daidai, domin wasu nau'o'in rubutu ba su da su, sai su mayar da su akwatuna. Gumaka kaɗai ba sa wadatarwa. Layuka uku da ake sakawa a kusurwa a ɓoye jerin ayyuka a bayansu ba su faɗa wa sabon shiga komai, don haka kowane gunki ya zo da sunansa a ƙasa. Rubutu mai ruwan toka a kan fari kuwa, wanda yake da kyau a ofis mai labule, ɓacewa yake yi a ranar watan Afrilu a tsakiyar kasuwa. Ƙa'idojin W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, na sauƙaƙa shafuka ga kowa sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai aƙalla 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, kuma mai ƙera wa mutanen Sahel gara ya wuce haka.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar cewa duk masu shiga iri ɗaya ne. A shago guda akwai maigida, akwai yaron da ke kan teburin ciniki, akwai mai kula da sito. Maigida yana son ganin abin da ya shigo yau da waɗanda ake bi. Yaron ciniki maɓalli ɗaya yake buƙata babba, na rubuta sabon ciniki. Mai sito kuwa abin da ya kusa ƙarewa da motar da ake jira su ne damuwarsa. Tunda manhaja ta san wanda ya shiga, rashin amfani da wannan sani asara ce, kuma nuna wa yaro ribar maigidansa a shafin farko na iya ɓata zaman shekaru. Wannan ya kai mu ga sirri. A wurinmu waya tana yawo hannu zuwa hannu, ana miƙa wa yaro ya duba saƙo, ana buɗe ta a majalisa da cikin mota mutane na kewaye. Shi ya sa manhajojin kuɗi da yawa suke rufe adadin da taurari sai an taɓa alamar ido. Tsari ne mai kyau, kuma ya kamata manhajar ta tuna zaɓin mutum, kada ta tona abin da ya rufe jiya. Sunayen masu bashi ma sirri ne, domin mutuncin mutane yana ciki.

Ranar farko tana da nata hukunci. Sabon mai asusu ba shi da ciniki ko ɗaya, ba shi da abokin hulɗa, don haka shafin da aka tsara domin cikakken shago zai nuna masa sifirai da akwatuna wayam, ya zaci abin ya lalace. A wannan rana zauren ya faɗi abu ɗaya tak, misali «Rubuta sunan mutum na farko da kake bi bashi», da maɓalli a ƙarƙashinsa. Dogon rangadin shafuka shida na koyarwa kuwa yawancin mutane tsallake shi suke yi. Haka kuma idan mutum ya taɓa sanarwar da ta ce wani ya biya, sai aka nemi lambar sirrinsa, to bayan ya rubuta a kai shi kan wannan biyan, kada a jefa shi shafin farko ya fara nema daga tushe.

Abin da ya fi lalata wannan shafi a hankali shi ne matsin lamba daga cikin gida. Manhaja takan fara da tsabta, sai mai kula da talla ya nemi a sa masa tuta a sama, mai sabon aiki ya nemi gunkinsa ya fito gaba, wani ya kawo akwatin da ke faɗowa yana roƙon a ba manhaja taurari biyar, wani ya kawo na neman izinin sanarwa. Kowannensu yana da hujja, kuma babu wanda ya yi nufin ɓarna, amma bayan shekara guda mutumin da ya zo duba bashi sai ya rufe akwatuna uku kafin ya ga allonsa. Dole a sami mutum ɗaya a cikin masu aikin da ke da ikon cewa a'a, da doka mai sauƙi: duk abin da zai shigo zauren sai wani ya fita. Kuma kada a riƙa sauya wuraren maɓallai a kowane sabuntawa, domin hannun mutum yana haddace wuri, musamman wanda ba ya karatu, wanda ya san aikinsa da cewa koren nan ne na ƙasa a dama.

Hanyar gane ko zauren ya yi daidai ba ta da tsada. Nielsen ya rubuta a 2000 cewa gwaji da mutum biyar kawai yakan fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Mai ƙera manhaja ya ɗauki ƙaramar waya irin wadda mutane ke riƙewa, ya bar kwamfutarsa a ofis, ya tafi kasuwa da hantsi lokacin da ciniki ya kankama. Ya miƙa wa mai shago ya ce, «Alhaji, don Allah duba mini nawa ake bin wane», sannan ya kama bakinsa, ya ƙirga dannawa nawa aka yi da daƙiƙa nawa aka ɗauka, ya lura da inda yatsa ya tsaya yana shawagi. Ya maimaita da yaron shago, da mai sito, da mace mai sana'a a gida, da dattijon da idonsa ya fara rauni. Idan uku daga cikinsu suka nufi kusurwa ɗaya suna neman abin da babu shi a can, to a can ya kamata a mayar da shi kafin a sake fitowa gwaji na biyu.